Na 262: Nazarin Yadda Masu Farautar 'Yan Wasa Suka Tsallake Wani Kwatabak a Zaɓen 2022

Shimfiɗa

Wasan da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa daban yake da wanda muke kallo a gidajen kallo, domin yawancinsa da hannu ake yi, kuma ƙwallon nasa mai siffar ƙwai ne. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, tsawon filin yadi 100 ne, kuma ana ba ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama 4 ta ci gaba da yadi 10, idan ta kasa sai ƙwallon ya koma hannun abokan hamayya. Ƙungiyar da ta kai ƙwallo ƙarshen fili ta sami maki 6, wato abin da ake kira tacdawun. Kwatabak shi ne madugun masu kai hari: shi yake karɓar umarnin koci, shi yake karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, kuma cikin abin da bai cika daƙiƙa 3 ba dole ya karanci tsayuwar masu tsaro, ya zaɓi wanda zai jefa wa, ya saki ƙwallon kafin ƙarti masu nauyin sama da kilo 120 su danne shi.

Babbar gasar ƙwararru ta NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma ba sayen matasa suke yi daga makarantun horo kamar yadda ake yi a Turai ba. Jami'o'i ne suke rainon 'yan wasa, sannan kowace shekara a ƙarshen Afrilu a yi zaɓe mai zagaye 7, inda ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye a bara take fara ɗauka. Lambar da aka ɗauki ɗan wasa a kai ita ce take yanke albashinsa na shekaru 4 na farko, tun bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011. Saboda haka kowace ƙungiya tana da ma'aikata masu farautar 'yan wasa, waɗanda suke yawo jami'a zuwa jami'a, suna kallon faifan wasanni, suna tambayar kociyoyi, suna rubuta rahoto, suna ba kowane matashi maki.

Wannan nazari ya bi sawun matashi ɗaya, kwatabak mai suna Brock Purdy, wanda aka ɗauka a lamba 262 a shekarar 2022, wato mutum na ƙarshe a zaɓen baki ɗaya.

2017 zuwa farkon 2018: daga sakandare zuwa Ames

An haife shi a watan Disamba 1999 a jihar Arizona, kuma ya yi sakandare a garin Gilbert. A shekararsa ta ƙarshe, 2017, ya kai makarantarsa wasan ƙarshe na gasar jihar, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan jihar na shekara. Duk da haka kamfanonin da suke jera 'yan sakandare tauraro 3 cikin 5 suka ba shi, kuma manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba sai bayan an gama kakar wasa. A makare Alabama da Texas A&M suka nuna sha'awa, amma a watan Fabrairu 2018 ya sa hannu da jami'ar Iowa State da ke garin Ames, ƙarƙashin koci Matt Campbell. Jami'ar ba ta cikin waɗanda suka yi suna a wannan wasa, kuma ta shafe shekaru masu yawa tana ƙasan teburin rukuninta na Big 12.

Abin da aka riƙa faɗa a kansa tun a wannan mataki shi ne ƙarancin tsawo da rashin ƙarfin dantse, kuma waɗannan kalmomi biyu sun bi shi har shekaru huɗu.

Oktoba 2018 zuwa Disamba 2021: wasanni 46

Ya fara kakar 2018 a matsayin kwatabak na uku. Na farkon ya ji rauni, na biyun bai gamsar ba, sai aka saka shi a wasan da suka yi a gidan Oklahoma State ranar 6 ga Oktoba. Ya jefa yadi 318 da tacdawun 4, ya ƙara ɗaya da ƙafarsa, suka ci 48 da 42. Mako guda bayan haka suka doke West Virginia, wadda take ta 6 a ƙasar a lokacin, da ci 30 da 14. Daga nan ya riƙe wurin har ya gama jami'a.

A 2019 ya jefa yadi 3,982 da tacdawun 27, abokan hamayya suka cafke jifansa sau 9. A 2020 ƙungiyar ta ci wasa 9 ta faɗi 3, ta kai wasan ƙarshe na Big 12, inda Oklahoma ta doke su 27 da 21 bayan an cafke jifansa sau 3. Makonni biyu bayan wannan, ranar 2 ga Janairu 2021, suka ci Oregon 34 da 17 a wasan Fiesta Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙarshen kaka na jami'o'i, nasarar da ba a taɓa ganin irinta a tarihin jami'ar ba.

Bai shiga zaɓen 2021 ba, ya koma jami'a shekara ta huɗu, kuma an fara kakar ana sa ƙungiyarsa cikin goma na farko a ƙasar. Abin bai tafi yadda aka zata ba. A watan Satumba, a wasan hamayya da maƙwabciyarsu jami'ar Iowa, an cafke jifansa sau 3, koci ya zaunar da shi kafin a tashi, suka faɗi 27 da 17. An gama kakar da nasara 7 da faɗuwa 6. Shi kansa ya kammala kashi 71.7 cikin ɗari na jifansa, wanda ya fi na kowace shekara da ya yi, amma yadin ya sauka zuwa 3,188, tacdawun kuma 19. A jimlace ya bar jami'a da fara wasa 46, da yadi 12,170, da tacdawun 81 na jifa.

Waɗannan alƙaluma suna iya ba da labari iri biyu, gwargwadon wanda yake karanta su. Mai neman gogewa zai ga matashin da ya ɗauki ƙungiya maras suna ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Mai neman ci gaba kuwa zai ga ɗan wasan da shekararsa ta biyu ta fi ta huɗu yawan yadi, wanda kuma idan wasa ya ƙi sai ya nemi gyara komai shi kaɗai, ya yi jifan da bai kamata ba. Rahotannin masu farauta karatu na biyun suka ɗauka.

Maris da Afrilu 2021: abin da San Francisco ta riga ta saya

Dole a ɗan koma baya a nan, domin ƙungiyar da za ta ɗauke shi daga baya ta riga ta zuba dukiyarta a wani wuri. A watan Maris 2021 San Francisco 49ers ta ba Miami zaɓenta na lamba 12, da zaɓen zagayen farko na 2022 da na 2023, da kuma wani na zagaye na uku, domin ta hau lamba 3. Da wannan lamba ta ɗauki Trey Lance na jami'ar North Dakota State, matashi mai tsawon kusan santimita 193, mai gudu, mai ƙarfin jifa, wanda wasa 17 kacal ya fara a jami'a, kuma jifa 318 ya yi baki ɗaya, a rukunin da ke ƙasa da na manyan jami'o'i.

Wannan ciniki yana da tushe a abin da ya faru shekarun baya kaɗan. An ɗauki Patrick Mahomes a lamba 10 a 2017, da Josh Allen a lamba 7 a 2018, shi Allen ma kashi 56 cikin ɗari kawai yake kammalawa a jami'ar Wyoming, kuma dukansu biyu suka zama manyan taurari. Ƙungiyoyi da dama suka ɗauki darasin cewa jiki da dantse ake saye, sauran kuwa koci zai koyar.

Janairu zuwa Maris 2022: awo

Bayan kammala jami'a matashin ya tafi Florida wurin masu horo masu zaman kansu, waɗanda suka duba yadda yake jifa, suka rage masa nauyin da ya tara a ɗakin ɗaga ƙarfe, suka gyara yadda yake juya ƙugu da kafaɗa domin ƙarfin jifan ya fito daga jiki duka. Ba a gayyace shi babban wasan baje kolin da ake yi a Mobile ta jihar Alabama ba, wanda manyan 'yan takara suke zuwa, sai na biyunsa da aka yi a Las Vegas a watan Fabrairu.

A farkon Maris aka yi taron awo na shekara-shekara a Indianapolis, inda ake auna kowane ɗan takara kamar yadda dillali yake duba doki a kasuwa. Tsawonsa ya kama ƙafa 6 da ɗan abin da bai kai inci ɗaya ba, kusan santimita 184. Nauyinsa kilo 96, faɗin tafin hannunsa inci 9 da kwata, tsawon hannunsa inci 29, kuma ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.84. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya burge kowa. Masu farauta sun fi son kwatabak mai tsawon ƙafa 6 da inci 3 ko fiye, bisa hujjar cewa zai fi hango fili ta saman masu kare shi, kuma suna kallon faɗin tafi saboda riƙe ƙwallo a ruwan sama da sanyi. A wannan shekara ma an shafe makonni ana muhawara a kan tafin Kenny Pickett mai inci 8 da rabi.

Akwai wani gwaji da ya yi wanda ba a yi maganarsa ba a lokacin. Kamfanin S2 yana gwada saurin da ƙwaƙwalwa take sarrafa abin da ido ya gani, da saurin yanke shawara, da iya fasa yunƙurin da aka riga aka fara. Daga baya aka ruwaito cewa ya sami sama da maki 90 cikin 100. Wasu ƙungiyoyi ne kawai suke da damar ganin wannan sakamako, kuma bai ɗaga matsayinsa a jerin kowa ba yadda za a lura. Hasashen da ya fi yawa shi ne ba za a ɗauke shi a zaɓen ba, sai dai ya shiga wata ƙungiya a matsayin ɗan gwaji.

28 zuwa 30 ga Afrilu 2022: zaɓe

An yi zaɓen a Las Vegas, kuma shekara ce da aka yi ittifaƙi cewa kwatabak ɗinta ba su da ƙarfi. Pittsburgh ta ɗauki Pickett a lamba 20, shi kaɗai a zagayen farko. Sai Desmond Ridder a 74, Malik Willis a 86, Matt Corral a 94, Bailey Zappe a 137, Sam Howell a 144, Chris Oladokun a 241, da Skylar Thompson a 247. Kwatabak 8 ke nan kafin a zo kansa.

A cikin San Francisco akwai waɗanda suke goyon bayansa, musamman sabon kocin kwatabak Brian Griese da mataimakinsa Klay Kubiak, waɗanda suka kalli faifansa suka kuma tattauna da shi ta bidiyo kafin zaɓen. Duk da haka ƙungiyar ta ɗauki 'yan wasa 8 a wasu gurabe kafin ta kira sunansa. Shirin farko shi ne a jira a gama zaɓe a neme shi a matsayin ɗan gwaji, amma da yake a wannan hali shi ne zai zaɓi inda zai je, kuma babu tabbacin zai zaɓi ƙungiyar da take da kwatabak uku, sai aka yi amfani da lamba ta ƙarshe aka riƙe shi. Tun 1976 akwai al'adar zolayar wanda aka ɗauka a ƙarshe da laƙabin da za a iya fassarawa da Malam Ba-Komai, har da ɗan biki da ake shirya masa a Newport Beach ta Kalifoniya. Kwantiraginsa na shekaru 4 ya kama kusan dala miliyan 3.7 baki ɗaya.

Agusta zuwa Disamba 2022: ƙofar da rauni ya buɗe

A sansanin atisaye Lance ne na ɗaya, kuma shi yake samun mafi yawan lokacin horo tare da manyan 'yan wasa. An riga an ba wani tsohon hannu, Nate Sudfeld, tabbacin dala miliyan 2 domin ya zama na biyu. Matashin yana samun 'yan yunƙuri kaɗan tare da 'yan benci. A ƙarshen Agusta, lokacin da ake rage 'yan wasa zuwa 53, ƙungiyar ta sasanta da tsohon kwatabak ɗinta Jimmy Garoppolo ya zauna a matsayin na biyu, ta sallami Sudfeld duk da kuɗin da za ta yi asara, ta bar matashin a matsayin na uku. Mai ƙungiyar, Jed York, ya bayyana daga baya cewa tun a sansanin koci Kyle Shanahan ya gaya masa yana ganin na ukun nan zai iya zama ya fi sauran biyun. Wannan ra'ayi bai canja jerin ba.

Ranar 18 ga Satumba, a wasa na biyu na kakar, Lance ya karye a idon sawu. Ranar 4 ga Disamba, a wasa da Miami, Garoppolo ya karye a ƙafa tun farkon wasa. Matashin ya shiga, ya kammala jifa 25 cikin 37, yadi 210, tacdawun 2, suka ci 33 da 17. Mako na gaba ya fara wasansa na farko da Tampa Bay, wadda shahararren kwatabak Tom Brady yake jagoranta, shi ma mutumin da aka ɗauka a lamba 199 a shekarar 2000 bayan kwatabak 6, kuma San Francisco ta ci 35 da 7. Matashin ya ci duka wasanni 5 da ya fara a ragowar kakar, kuma a kakar baki ɗaya ya jefa tacdawun 13, an cafke jifansa sau 4.

Tsarin wasan Shanahan yana buƙatar kwatabak ya saki ƙwallo kafin mai karɓa ya juyo, ya jefa tsakiyar fili inda masu tsaro suka fi yawa, a daidai wurin da mai karɓa zai ci gaba da gudu ba tare da ya tsaya ba. Wannan aiki ne na lokaci da hangen abin da bai faru ba tukuna, kuma shi ne abin da matashin ya maimaita sau fiye da dubu a jami'a. Ya kuma nuna wani abu da gudun yadi 40 bai auna ba, wato zafin nama a taku biyu ko uku na farko, wanda yake isa ya zille wa mai kawo hari ya sami ƙarin daƙiƙa ɗaya.

Janairu 2023 zuwa Fabrairu 2024: rauni, dawowa, da wasan ƙarshe

A wasannin sili-ɗaya-ƙwale ya jagoranci nasara a kan Seattle 41 da 23, da Dallas 19 da 12. Ranar 29 ga Janairu 2023, a Philadelphia, a harin farko na ƙungiyarsa, wani mai tsaro ya buge hannunsa yana cikin jifa, jijiyar gwiwar hannun ta tsinke, suka faɗi 31 da 7. An yi masa tiyata ranar 10 ga Maris, kuma ya warke kafin sabuwar kaka. A ƙarshen Agusta ƙungiyar ta miƙa Lance ga Dallas a kan zaɓen zagaye na huɗu, bayan ya fara mata wasa 4 kacal cikin shekaru biyu.

A kakar 2023 matashin ya jefa yadi 4,280, wanda ya zama sabon tarihi a ƙungiyar, da tacdawun 31, an cafke 11. Ya zo na ɗaya a gasar a ma'aunin ingancin jifa da maki 113.0, kuma kowane jifa nasa yana samar da yadi 9.6 a matsakaici. Albashinsa na wannan shekara dala 870,000 ne, a lokacin da manyan kwatabak suke karɓar sama da miliyan 50. Ba a rasa tangarɗa ba: sun faɗi wasa 3 a jere a watan Oktoba, kuma ranar 25 ga Disamba Baltimore ta cafke jifansa sau 4. Masu suka sun ce tsarin koci ne da taurarin da ke kewaye da shi, irin su Christian McCaffrey da George Kittle da Deebo Samuel da Trent Williams, suke yin aikin, shi kuwa direba ne kawai a motar da wani ya ƙera. A wasan kusa da na ƙarshe Detroit tana gabansu 24 da 7 a hutun rabin lokaci, suka farfaɗo suka ci 34 da 31. Ranar 11 ga Fabrairu 2024, a Las Vegas, garin da aka kira sunansa a ƙarshen zaɓe, Kansas City ta doke su 25 da 22 a ƙarin lokaci a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL.

2024 zuwa Mayu 2025

A 2024 raunuka sun yi wa ƙungiyar illa, McCaffrey wasa 4 kawai ya buga, aka gama da nasara 6 da faɗuwa 11. Alƙaluman matashin sun sauka zuwa yadi 3,864, tacdawun 20, an cafke 12. Zuwa farkon wannan kaka, babu ko ɗaya cikin kwatabak 6 na farko da aka ɗauka a 2022 da ya rage a ƙungiyar da ta ɗauke shi. A watan Mayu 2025 San Francisco ta tsawaita kwantiraginsa da shekaru 5 a kan dala miliyan 265.

Hukunci

Abu na farko da ya kamata a faɗa shi ne masu farauta ba su yi ƙarya ba a abin da suka rubuta. Tsawonsa bai ƙaru ba, dantsensa bai kai na Allen ba, kuma ɗabi'ar tilasta jifa idan wasa ya ƙi, wadda aka gani a wasan Oklahoma da na Iowa, ta sake bayyana a gaban Baltimore da kuma a 2024. Kuskuren yana cikin nauyin da aka ba kowane abu a sikeli. Tsawo da faɗin tafi da gudu ana auna su cikin yini ɗaya, su fito da lamba wadda kowa a ɗakin taro zai yarda da ita. Saurin karanta tsaro, da natsuwa idan ana tunkaro mutum, da sanin lokacin sakin ƙwallo, ba su da tsumagiyar awo, sai an zauna an kalli ɗaruruwan yunƙuri, kuma ko an kalla mutum biyu suna iya saɓawa. A duk inda hujja mai lamba ta haɗu da hujja ta gani da ido, mai lambar ce take rinjaye, ko da ita ce mafi ƙarancin alaƙa da aikin.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi ban mamaki, yawan wasanninsa ya zama masa aibi. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Wasa 46 sun isa a ga kowane tabo na mutum, a kuma yanke cewa iyakarsa ke nan. Wasa 17 kuwa suna barin fili ga zato, kowane koci ya cike gurbin da abin da yake fatan zai koyar. Ƙungiya ɗaya ce ta biya zaɓen zagayen farko guda 3 a kan mai jifa 318, ta kuma jira har lamba 262 a kan wanda ya ninka wannan adadi fiye da sau huɗu. An ɗauka cewa dantse ba ya ƙaruwa amma basira ana koyar da ita, sai lamarin ya zo da akasin haka: 'yan watanni a Florida sun ƙara wa matashin ƙarfin jifa yana ɗan shekara 22, Lance kuwa bai taɓa samun yawan wasannin da za su ba shi gogewar da ya rasa ba, saboda rauni da kuma gaggawar ƙungiyar da take neman kofi.

Na uku ya shafi mai farautar kansa a matsayinsa na ma'aikaci. Idan ya yabi dogo mai ƙarfi aka ɗauka bai yi kyau ba, laifin na kowa ne, domin duk ƙungiyoyi haka suka gan shi, kamar yadda aka yi da JaMarcus Russell, na ɗaya a 2007, wanda Oakland ta sallama a 2010. Idan kuwa ya dage a kan gajere daga jami'a maras suna abin ya lalace, sunansa ne kaɗai a kan rahoton. Wannan yana sa rahotanni su riƙa kama da juna. Drew Brees, mai tsawon ƙafa 6, ya zame zuwa zagaye na biyu a 2001, Russell Wilson, wanda bai kai ƙafa 6 ba, ya jira har lamba 75 a 2012, Kurt Warner kuwa ba a ɗauke shi ba sam a 1994, kuma dukansu ukun sun ci Super Bowl. Binciken da masana tattalin arziki Cade Massey da Richard Thaler suka yi a kan zaɓen NFL ya gano cewa yiwuwar ɗan wasa ya fi wanda aka ɗauka bayansa a gurbi ɗaya kusan kashi 52 cikin ɗari ne kawai, amma ƙungiyoyi suna biyan kuɗin hawa sama kamar suna da yaƙini.

Na huɗu shi ne lambar zaɓe tana ci gaba da mulki bayan an gama zaɓen. Wanda aka kashe dukiya a kansa shi ake ba lokacin atisaye da uzuri, na ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. A nan ne San Francisco ta cancanci yabo da kuma rashinsa a lokaci guda. Ta saurari kociyoyin gurbin da suka kalli faifai, ta yarda ta yi asarar dala miliyan 2 domin ta riƙe shi, kuma tana da tsarin da ya dace da abin da ya iya. Amma babban kocinta ya yi zaton shi ne ya fi, kuma duk da haka ya bar shi a benci har sai da ƙafafu biyu suka karye. Yawancin kwatabak da ake ɗauka a zagaye na shida da na bakwai ba sa zama komai, wannan gaskiya ne, sai dai kaɗan ne cikinsu suke samun wasa 5 a jere tare da manyan 'yan wasa, don haka alƙaluman gazawarsu sun haɗa waɗanda aka gwada suka kasa da waɗanda ba a taɓa gwadawa ba.

Bayan wannan lamari ya fito fili, hankali ya koma kan gwajin S2, aka riƙa ɗaukarsa kamar shi ne ma'aunin da aka daɗe ana nema. Kafin zaɓen Afrilu 2023 aka ruwaito cewa C.J. Stroud na jami'ar Ohio State ya sami maki ƙasa sosai a gwajin, har wasu suka yi hasashen zai zame a zaɓen. Houston ta ɗauke shi a lamba 2, ya kai ƙungiyar wasannin sili-ɗaya-ƙwale a shekararsa ta farko, aka kuma ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasan kai hari na 2023.